Kwalabe Uku Masu Sunana

Yaran da suke aiki yanzu a ɗakin gwaje-gwajen asibitinmu na Yalwa, a ƙasar Yawuri, ba su san abin da ake kira jira ba. Mutum ya kawo kakinsa da hantsi, su zuba a wata 'yar roba su tura cikin na'ura, kafin la'asar ta gaya musu akwai tarin fuka ko babu. In na leƙa su ina ba su labarin zamanin da muke jiran ƙwayar cutar ta tsiro har wata biyu, sai su riƙa murmushin nan na "tsoho ya fara." Nakan ƙyale su. Ni na san inda na je na koyo wannan jira, na kuma san yadda ya kusa mayar da ni gida hannu rabbana.

Sunana Labbo. Ɗan masunci ne ni daga bakin ruwa a ƙasar Ngaski. Ubana ya so in riƙi koma, ni kuwa na riƙi madubin likita. Na yi shekaru ina shafa kaki a gilashi, in rina shi ja, in wanke, in rina shuɗi, sannan in duƙa ina neman 'yan sandunan nan jajaye. In na gan su a ba mutum magani, in ban gani ba a ce ya tafi gida. Abin da ke cin raina shi ne, cikin waɗanda muka sallama akwai waɗanda bayan watanni sai ka ji an yi jana'izarsu, domin madubi ba ya ganin ƙwayar sai ta yi yawa. Saboda haka da aka ce za a tura mutum ɗaya Sudan ya koyo yadda ake shuka ta a kwalba har ta fito fili, aka kuma zaɓe ni, sai da duk Yawuri ta ji. Innata ta gaya wa mata a wurin bandar kifi cewa ɗanta zai tafi gabas karatun likita. Ban gyara mata ba. Da wannan nauyi na sauka Khartum: jama'a suna jira in dawo musu da takarda da sabon aiki a hannu.

Wanda ya fara tarbata a ƙasar wani mai tasi ne. Da ya ji Larabcina na makarantar allo ya rungume ni, ya ce ni ɗan'uwansa ne, har ya ɗaukar mini jaka da kansa. Ni kuma baƙauye na ji daɗi. Ya yi ta yawo da ni, na lura mun haye gada ɗaya sau biyu, amma kunya ta hana ni magana. Daga ƙarshe ya tsaya a wata ƙofa ya ce nan ne, in je in gaida mai gadi zai jira ni. Kafin in gama sallama sai ƙarar mota na ji. Wurin ashe makarantar 'yan mata ce. Ya tafi da buhun guzurina, da bandar tarwaɗar da Inna ta yi mini da hannunta, da yaji, da bargona. Takarduna ne kaɗai suka tsira, don suna cikin aljihun rigata. Na tsaya a bakin titi ina zaginsa da Hausa, ba wanda ya ji bare ya taya ni.

Washegari na lalubo ɗakin gwaje-gwajen. Suka karɓe ni da fara'a da shayi, suka kuma shaida mini ɗakin kwanan da aka yi mini alkawari an ba wani, in nemi wuri kafin a ga yadda za a yi. Haka na koma kwana a barandar wani masallaci a Umdurman, garin da ke tsallaken kogi. Wanda ya ce Sudan zafi ce kawai bai kwana a barandar nan cikin sanyi ba bargo ba. Abinci kuwa wake ne dagargazajje da mai, safe da rana, har na fara jin haushin wake. Kewa ta kama ni irin wadda ban san akwai ta ba. Ba mutane kaɗai nake kewa ba, har ƙarnin kifi da hayaniyar jirage a bakin ruwan Yalwa ranar kasuwa.

Ƙarnin kifin ne ya ja ni bakin kogin Nilu wata Jumma'a da ba aiki. Ina tafe tsakanin kwale-kwale sai na ji wani dattijo yana yi wa komarsa faɗa: "Wagga koma ta gaji awa mai ita!" Na tsaya cak. Hausa ce, kuma irin tamu ta yamma, irin wadda kakata take yi.

Na durƙusa na ce, "Baba, sannu da aiki."

Bai waiwayo nan da nan ba. Sai da ya ƙulle zaren da ke hannunsa, sannan ya ɗago ya ƙare mini kallo.

"Kai ɗan ina na?"

"Daga Yawuri nike, Baba. Wajen Ngaski."

"Mi kac ce?"

Na maimaita. Ya ajiye komar ya kama hannuna da hannu biyu. Sunansa Baba Jibo. Yana saurayi ya biyo mahaifinsa a ƙasa za su Makka, uban ya rasu a hanya, shi kuma ya tsaya a bakin Nilu domin ruwa kaɗai ya sani. A wani gungu aka haife shi a tsakiyar kogin Kwara, tsibirin da bai fi yinin tuƙi ba daga garinmu. Ya tambaye ni mutane, wasu na sani, mafi yawa sun rasu. Can ya ce, "Gungunmu hwa? Na ji ana hwaɗin wata magana, ban yarda ba."

"Gaskiya ta, Baba. Tun da anka datse Kwara ruwa ya canye shi. An maida mutane tudu."

Ya daɗe yana kallon kogin. Sannan ya tambaye ni inda nake kwana, da na faɗa masa ya miƙe tsaye da fushi.

"Ɗan Yawuri ga barandar masallaci ina raye? Tashi mu tai gida."

Matarsa, Inna Kulu, can aka haife ta, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma ranar ta tuƙa mini tuwon dawa da miyar kuka wanda na ci ina share hawaye ina ɗora wa yaji laifi. Suka ba ni ɗakin ɗansu da ya tafi aiki nesa. Jikokinsu biyu suna kwana a ɗakin Baba. Tun daga ranar ya laƙaba mini Likita, na gaji da gyara shi na bari.

Shugabarmu a wurin aiki wata mata ce, Ustaza Nafisa, siririya, mai tabarau, wadda ba ta ɗaga murya kuma ba ta maimaita magana. Ita ta koya mini cewa ƙwayar tarin fuka mai zaɓen abinci ce, kuma raguwa. Ƙwan kaza sabo take so. A wanke ɓawon, a fasa, a kaɗa, a tace, a haɗa da wasu gishirai da wani koren rini mai hana sauran ƙwayoyi tsirowa. A zuba a ƙananan kwalabe, a kishingiɗar da su, a dafa a hankali har ya daskare ya yi santsi. A kan wannan ake shuka kakin mutum, a kai ɗakin ɗumi, a riƙa dubawa mako-mako. Sauran ƙwayoyin cuta kwana ɗaya ya ishe su, ita kuwa sai ta ga dama. Ba a cewa babu sai an cika mako takwas. Hannuna ya faɗa da sauri, ba yabon kai ba. A cikin mu ɗaliban da muka zo daga ƙasashe daban-daban, kwalabena ne ba sa yin kumfa, kuma na ga Ustaza ta lura.

Sai dai tun daga barandar masallacin nan na kwaso tari, ya kuma ƙi sakina. Ina ta danne shi a wurin aiki har wata rana ya kubce mini a gabanta. Ta ajiye abin da take yi.

"Tun yaushe?"

Na ce ya kai mako uku. Ta buɗe kabad ta miƙo mini 'yan gwangwanaye uku masu murfi.

"Kakin asuba, kwana uku a jere, kafin ka ci komai. Daga yau ba ka shiga ɗakin shuka. Ka tsaya wurin fasa ƙwai da wanke kwalba. Ka san dokarmu: baƙon da aka samu da ciwon, a fara masa magani a mayar da shi ƙasarsu."

Da yamma Baba Jibo ya ga gwangwanayen ya tambaye ni na mene ne, na yi masa bayani.

"In sunka ga abin hwa?"

"Gida za su maishe ni, Baba."

"Ba takarda?"

"Ba takarda."

Kowace asuba in na dawo masallaci sai in zagaya bayan ɗaki in yi kakin, in rufe, in naɗe a takarda in ɗora kan katanga inda rana ba ta taɓawa, sannan in shiga wanka. Baba da ya saba fita kogi tun kafin gari ya waye, kwana ukun nan a gida ya yi hantsi, ya ce bayansa ke ciwo.

Aka duba duka ukun a madubi, ba a ga komai ba. Na kusa taka rawa. Ustaza ta ce, "Madubi ya ce babu. Saura mu ji ta bakin ƙwai." Aka shuka su a kwalabe uku, aka rubuta sunana a jiki, aka shigar da su ɗakin da aka hana ni shiga.

Ban taɓa tsanar ƙwai ba sai a makonnin nan. Abokan karatuna suna ciki suna koyon abin da ya raba ni da gida, ni ina waje da ɓawo har gwiwar hannu. Amma ban bar kwanakin sun tafi a banza ba. Duk wanda ya fito sai na tare shi ya gaya mini abin da aka yi, in sun tashi kuma in tsaya ina leƙe ta gilashin ƙofa. Tarin kuwa, Inna Kulu ta taso shi a gaba da bargo da citta da zuma har ya gudu. Na yi ƙiba, wuyan rigata ya fara matse ni. Na saki jiki ƙwarai, ina ganin lokaci kawai nake jira.

A mako na biyar Ustaza ta kira ni bakin ƙofar. Ta ɗaga kwalba ɗaya saitin taga. A kan koren ƙwan nan mai santsi akwai wasu 'yan ƙuraje busassu, masu kaushi, launin ɓarɓashin ƙuli-ƙuli. Na karanta siffarsu a littafi har na haddace, na ƙetare ƙasashe don in gan su, ga shi ranar da na fara ganinsu kusa da idona sunana ne a jikin kwalbar. Ta ɗaga ta biyu, ita ma haka.

Ta ce, "Ciwo ne, ba laifi ba ne, kuma yana warkewa. Za a fara maka allura, sannan mu shirya komawarka. Na so ka gama, Labbo. Kana da hannu."

Na iso gida bayan la'asar. Baba yana zaune a tsakar gida yana gyaran koma, Inna Kulu tana tankaɗe a gefe. Na zauna nesa da su, abin da ban saba ba.

"Likita, lahiya?"

"Baba, abin ya tsiro. Ina da ciwon. Maishe ni gida za su yi."

Sai ya fashe da dariya. Na ɗauka bai fahimta ba, na sake faɗa.

"Ƙarya sukai," in ji shi.

"Baba, da idona nig gani."

"Nic ce maka ƙarya sukai! Yo ai ba naka na ciki ba." Ya gyara zama, ya buɗe ƙirji. "Kullum kash shiga wanka, sai in ɗauko ɗan gwangwanin in zubas, in ɗauraye da ruwan zahi, in sa nau. Ni da ban taɓa kwana asibiti ba tun da anka haihe ni! Ka zaka ƙasar mutane, innarka na can tana jira, in zuba ido a kore ka awa ɓarawo? Asirinka ni ruhwa, ɗana."

Yana faɗa yana kallona, yana jiran godiya. Ni kuwa a lokacin na fara kallonsa da idon aikina. Na ga yadda riga ta yi masa yawa, na ga ƙasusuwan wuyansa. Na tuna tarin da yake yi kowace asuba, wanda kunnena bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, domin a garinmu ba tsohon masuncin da ba ya tarin asuba, hayaƙin banda muke ɗora wa laifi. Inna Kulu ta daina tankaɗe. Ta riga shi ganewa.

Na ce, "Baba, kwalba ba ta san suna ba. Abin da anka ba ta shi ka tsirowa."

Dariyar ta bar fuskarsa a hankali. Ya dubi hannuwansa, ya dubi ƙofar ɗakin da jikokinsa suke kwana. Da ya buɗe baki kuma, ba maganar ciwon ya yi ba.

"To ka ga naka ya yi sauƙi. Gobe ka ce musu kuskure sunka yi, su sake auna ka. Za su ishe ka lahiya lau, ka ƙare karatunka. Ni kak ka ambace ni. In anka ji ina da wanga ciwo, wa za ya sake sayen kihina? Wa za ya ci akushi guda da ni?" Ya nuna ni da yatsa. "Na ruhwa naka, ka ruhwa nau."

Ba zan ɓoye ba, shawarar ta zauna mini daidai. Kwalabe sukan gurɓace, ana yin kuskure, ba wanda zai yi mamaki. Da na bi ta, da na tsira da takardata cikin ruwan sanyi. In kuwa na faɗi gaskiya, me zan ce? Cewa kakin wani aka kawo da sunana? A wurin aiki irin namu ba laifin da ya fi wannan. Wanda aka mayar gida don ciwo ana yi masa sannu, wanda aka koro don maguɗi kuwa har aikinsa na Yalwa sai ya rasa. Ga kuma mutumin da ya tsamo ni daga barandar masallaci yana roƙona abu ɗaya tak, irin abin da ko a gida ba a hana dattijo.

Na ce, "Baba, ba ni iyawa."

Ya ce, "Ashe butulu ni ajiye cikin gidana." Ya kwashi komarsa ya shige ɗaki. Maganar ta soke ni, har yau in na tuna ina jin wurin.

Da safe na sami Ustaza a ofis na zayyane mata komai. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Ka san abin da kake faɗa? Ko da saninka aka yi ko babu, ni ba ni da hanyar ganewa."

"Na sani."

"Da cewa ka yi a sake gwada ka kawai, da na yarda."

"Wannan ma na sani."

"To me ya sa?"

Na ce, "Domin mai kakin yana gida yana gyaran koma, jikokinsa suna kwana a ɗakinsa. Madubi ya duba shi sau uku ya ce babu. Irinsa ne suka sa na baro garinmu."

Ta mayar da tabaraunta. Sannan ta ce in kawo shi gobe. In bai zo ba, za ta rubuta wa waɗanda suka turo ni cewa na yi maguɗi, ba kuma za ta sassauta ko kalma ɗaya ba.

Baba ya ce ko gawarsa ba za ta je ba. Na roƙa, na durƙusa, ko kallo ban ishe shi ba. Da gari ya waye har na fara ɗaure kayana, sai na ga Inna Kulu ta fito da babbar rigarsa ta Jumma'a ta shimfiɗa masa a kan tabarma.

Ta ce, "Malam, tun da anka kawo ni gidanga ban taɓa ƙetare maganarka ba. Yau ina ƙetarewa. Ko ka sa rigar ga ka bi yaron, ko in ɗauki jikokina in kai su da kaina, in hwaɗi sunanka da na ubanka."

Ya sa rigar. Muka kama hanya yana gaba ina baya, bai ce mini uffan ba har muka isa. Amma da ya tsaya gaban Ustaza sai na ga wani Baba Jibo daban. Da Larabci tsantsa, irin na wanda ya tsufa a ƙasar, ya faɗa mata yadda ya yi, bai rage komai ba. Ya ce yaron bai sani ba, kuma a wurinmu haka ake yi wa baƙo, ba a bari ya tozarta a hannunka. Ta tambaye shi, in da za a sake, zai sake yi? Ya ce ƙwarai kuwa. Na ga ta juya fuska tana gyara mayafi don kada a ga bakinta.

Ta fitar da mu tsakar gida, ta ba kowa gwangwaninsa, ta tsaya a kanmu har muka gama. Nawa aka kai shuka. Na Baba kuwa ta miƙo mini ta ce in shafa, in rina, in duba da kaina. Na daɗe ina zagaya gilashin kafin na ga 'yan sandunan nan, 'yan ƙalilan, jajaye a cikin shuɗi. A makonnin da muka yi muna jira ciwon ya ƙaru har madubi ya fara ganinsa. Na fito na same shi a kan benci na gaya masa. Ya ce, "To."

Hukuncina shi ne an cire sunana daga cikin masu kammalawa har sai sababbin kwalabena sun yi magana. Wani mako takwas ɗin ke nan daga farko. Abokan karatuna suka karɓi takardunsu, aka yi musu walima, na taya su ɗaukar kaya zuwa mota. Na aika gida cewa an ƙara mini lokaci, ban faɗi dalili ba, Innata kuwa ta bazama tana cewa don ƙoƙarina ne aka riƙe ni.

Aka fara yi wa Baba allura kowace safiya, ga ƙwayoyi kuma. Ni nake raka shi, yana gaba ina baya, ba magana. Aka gwada mutanen gidan, aka sami ciwon a jikin ƙaramar jikarsa tun bai yi nisa ba, ita ma aka sa ta a magani. Abin da ya ji tsoro kuma bai fasa faruwa ba: labari ya kai bakin kogi, wasu masu sayen kifinsa suka janye, abokan cin abincinsa suka riƙa samun uzuri. Ina gani, ina kuma sane da cewa bakina ne ya jawo. Duk da haka Inna Kulu ba ta taɓa fasa ajiye mini tuwona ba.

Da allura ta hana shi shiga ruwa, sai na fara ɗaukar jirginsa ranakun da ba aiki. Rabona da koma tun ina makarantar firamare. Wata Jumma'a ina ta fama kusa da gaɓa, na jefa ta faɗa a dunƙule, na jawo na sake ta kuma dunƙulewa. Sai na ji murya daga tudu.

"Kai! Wanga jihwa na ɗan boko na! Ɗan wa ka jihwa haka ga Kwara? Saki kahwaɗarka!"

Yana tsaye da sanda, ya biyo ni ashe. Na saki kafaɗa, komar ta buɗe. Ya ce, "Yawwa. Da sauranka dai." Daga ranar muka koma tafiya asibiti kafaɗa da kafaɗa.

Ranar da mako takwas ya cika, Ustaza ta buɗe ƙofar ɗakin shuka ta matsa gefe.

"Shiga ka ɗauko kwalabenka. Kai za ka karanta."

Na shiga ɗakin da na yi watanni ina leƙe ta gilashi. Ɗumin ya buge ni a fuska. Na ɗauko su na kai taga, na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, na juya kowace ta kowane gefe kamar yadda ake yi wa ta baƙo. Kore shar, santsi, ba ko ɗigo. Na ce, "Babu." Ta karɓa ta duba, ta ce, "Babu." Ta riƙe ni wasu makonni ina aiki a ciki har ta gamsu na cike abin da ya wuce ni, sannan ta sa hannu a takardata. Da take miƙo mini ta ce ta koyar da mutane da yawa shuka ƙwayar cuta, amma ni ne na farko da ya kawo mata majinyaci ta wannan hanya, kuma tana roƙon Allah in zama na ƙarshe.

Na kai wa Baba takardar. Lokacin ya fara cika rigarsa. Ya juya ta sama da ƙasa, ya miƙa wa Inna Kulu, sannan ya dube ni.

"Wato naka kakin lahiya lau shike tun hwarko?"

"Lahiya lau, Baba."

Ya tsaya yana lissafi. Can ya ce, "Ashe ni ya kamata in ari naka." Muka yi dariya har Inna Kulu ta zauna a ƙasa. Ya gama maganinsa bayan na taho. Shekaru da dama bayan haka wani alhaji da ya biyo ta Sudan ya kawo mini gaisuwarsa, ya ce ya same shi a bakin kogi yana yi wa koma faɗa, jikar nan kuma an yi mata aure.

Na dawo Yawuri da takardata. Muka haɗa akwatin ɗumi mai aiki da kananzir, ƙwai kuma daga matan garin Shanga nake sayowa ranar kasuwa, in zaɓa da hannuna. Mutanen da madubi ya sallama, ƙwai ya riƙa kamo su, da yawansu suna nan da jikokinsu, muna haɗuwa a masallaci. Abu ɗaya na kafa wanda ba a littafi na koyo shi ba: ban taɓa karɓar gwangwanin da aka cika a gida ba. Ko sarkin ruwa ne, sai ya zo da asuba mun zagaya bayan ɗakin gwaji ya yi a gabana. An yi ta gunaguni, an ce Labbo ya je gabas ya koyo rashin kunya. Amma ba shekarar da ta wuce ban kama wani ba: babban wa ya zo zai yi a madadin ƙanensa mai neman aure, uwa ta ɓoyo nata a cikin zane don kada a ce 'yarta ce. In na kama su sukan sunkuyar da kai suna jiran faɗa. Ban taɓa yi wa ko ɗayansu faɗa ba, domin na san ƙauna ce ta kawo su. Kujera nake jawo wa mutum, in ɗauko gwangwani na biyu, in tambaye shi sunansa na gaskiya.